Ƙwai ɗaya, zoɓo biyu

Na rasa kasuwa uku a jere saboda zuwa asibiti, na kuma rasa ciniki ɗaya, ni da ba a taɓa kayar da ni a ciniki ba. Abin da na samu shi ne lafiyar 'yata.

Tun rasuwar mijina Maina, ƙwai da bandar kifi daga garin Bosso nake sayarwa a kasuwar Diffa. Kifi na kasuwa ne, ba na tukunyata ba. Amma kullum nakan dafa wa 'yata ƙwai ɗaya cikin waɗanda suka tsage, ta tafi da shi lakwal, wato makaranta.

Ashe ba ci take ba. Musanya shi take da zoɓo mai ƙanƙara, ƙulli biyu. Da yamma kuma ta tsame zogale daga miya ta tura gefen kwano.

Sannu a hankali ta fara haki. Tafin hannunta ya yi fari, harshenta ya yi ja yana zafi. Wata rana malaminta, Mushe Alasan kamar yadda ake kiran malamai da Faransanci, ya same ni a rumfa. Ya ce barci take a aji, in aka ci gaba haka za ta maimaita shekara.

Muka tafi asibiti, aka ɗebi jini. Likita Kalli ya tambaye ta abin da take ci. Ta sunkuyar da kai ta faɗi gaskiya.

"Inna, ai ke kika ce jan abu yana ƙara jini," in ji ta. "Kuma ƙulli ɗaya aka taya, na ƙi sai biyu."

Na so in yi faɗa, dariya ta kama ni. 'Yata ce, ba shakka.

Likita ya ce ƙarancin jini iri-iri ne. Akwai na rashin sinadarin ƙarfe. Akwai na rashin bitamin B12, wanda ke cikin kifi da ƙwai da nono. Akwai na rashin folat, wanda ke cikin ganye da wake. Nata na rashin B12 da folat ne, sunansa megaloblastik. Sunan ya fi ƙarfin bakina, sai da 'yata ta rubuta mini shi. Ya ce ƙwayoyin jinin kan yi girma, amma ba ƙarfi.

Ya ba da magani, ya ce kifi sau uku a sati. Na ce sau ɗaya. Ya girgiza kai. Na ce sau biyu, albarka.

"Hajiya, nan ba rumfa ba ce," in ji shi. "Jini ba ya ragi."

Bayan wata biyu ta koma tsalle-tsalle, ta kuma haye aji na gaba.

Yara, ku ci abin da aka ba ku, kada ku ɓoye wa iyaye gaskiya. Launi ba ya ƙara jini, abinci ne ke ƙarawa.

Ni kuwa na sallama: ƙwai ɗaya kullum, a cinye a gabana, zogale tafi guda, da kifi uku duk sati, manya, daga saman kwando.