Randar Mai-Wuya

Da hantsin wata Litinin, shekara goma bayan an datse kogin Rima a Goronyo, Malam Sodangi Atika ya shigo caji ofis na Wurno ba hula a kansa. Duk garin ba wanda ya taɓa ganin tsakiyar kan Sodangi, jikan alƙalai, shugaban Gidan Tarihin Noma. Kofur Halliru da ke kanta sai da ya miƙe tsaye.

"An yi muna sata," in ji Sodangi. "An kwashe Mai-Wuya."

Sufeto Jelani Ma'azu ya ajiye kofin shayinsa. Ɗan Tursa ne, garin manoman fadama, ba ya buƙatar bayani. Mai-Wuya jar shinkafar fadama ce mai baƙin ƙaiƙayi da dogon gashi, wadda in ambaliya ta tashi take miƙewa ta bi ruwa sama, ko da ruwan ya shanye kan mutum. Da dam ya zo ambaliya ta daina zuwa kamar dā, aka kawo gajeren iri mai nuna da wuri, mutane suka watsar da tsohuwa kamar yadda suka saba watsar da duk abin da ya ciyar da su. Randa ɗaya ta rage, a gidan tarihi.

"Duka?" in ji Jelani.

"Ko tsaba ba a bari ba, Yallaɓai. Kuma na san ɓarawon. Yusha'u na Lahodu, tsohon da yab ba mu irin. Jiya yaz zo shina yi man ihu gaban ma'aikata, wai in mayar mishi da abinai. Yau mun ishe an ɓalle kwaɗo."

Jelani ya tura Halliru Lahodu, shi kuma ya bi Sodangi.

Gidan tarihin ɗakuna uku ne. An rataye galma da lauje a bango, an kafa jigo a tsakar gida ba rijiya a ƙarƙashinsa, an rubuta wa dutsen niƙa suna a kan kwali don kada wani ya ɗauka kujera ce. Can ƙurya ɗakin iri yake, kwaɗonsa a ƙasa. Randar tana tsaye, ta kai ƙirjin mutum, murfinta a gefe.

"Yaushe rabonka da ganin ta cike?"

"Jiya da la'asar. Murhin na liƙe da yumɓu, yadda muka barin shi."

Jelani ya zura kai cikin randar, ya haska tocila. A gindi ya tsinci 'yan ƙaiƙayi baƙaƙe, ba ƙwaya a cikinsu, ya sa a aljihu. Zai ɗago ke nan sai hasken ya faɗa kan wani ɗan curin laka manne a jikin randar daga ciki, ƙasa-ƙasa. Gidan zanzaro ne. Ya bushe ƙayau, har da ɗan ramin da 'ya'yan suka fasa suka fita.

Ya daɗe da kansa a ciki. Zanzaro ba ya gini cikin randar da ke cike, kuma ba ya gini ya yi ƙwai ya ƙyanƙyashe ya yaye tsakanin la'asar da safiya.

"Ka ga wani abu, Yallaɓai?"

"Duhu," in ji Jelani.

Da azahar Halliru ya iso da Yusha'u, dogon tsoho mai faso a ƙafa. Bai jira a tambaye shi ba.

"Ni rabona da Wurno tun azumi."

"Baba, ma'aikata sun gan ka jiya. Har hular da ke kanka sun faɗa mini."

Tsohon ya dubi ƙasa. "To, na zo. Tsoro yas sa na yi ƙarya. Amma ɗan nan, wa ka satar abinai? Ubana yab bar man irin ga. Da na ga ɗiyana ba su son ta, nit tahi da ita gidan tarihi, anka ce za a riƙa shuka ta duk damina don kada ta mutu. Ga hadari ya fara haɗuwa, na ce a buɗe randa mu tahi tabkinmu na Lahodu, nan ruwa ka tashi har yanzu. Sai ya ce in dawo wata mai zuwa. Wata mai zuwa wa za shi shuka shinkafa?"

"Ta bara fa? Na ji an girbe, har an ciyar da 'yan makaranta."

Yusha'u ya ɗago kai da sauri. "An girbe mi? Jan-baki sunka sauka bisa gonar bara ana saura kaɗan a yanka. Da idona na gani. Ko zangarniya guda tsuntsayen ga ba su bari ba."

Jelani ya miƙe. Ya ce a ba tsohon tabarma da ruwa a bayan kanta, ya ɗauki hularsa.

Malama Husainatu ita ke tafiyar da shirin da gidan tarihi ke yi da makarantun firamare, inda ake koya wa yara abincin kakanninsu, su ga tsaba, su ga sussuka, su ci. Wata biyu da suka wuce an yi babbar ranar shirin, manyan baƙi suka zo daga Sakkwato don su yanke ko gidan ya cancanci a ci gaba da riƙe shi.

"Mi kunka dafa ranar?" in ji Jelani da ya same ta a aji.

"Shinkafar kasuwa ce, Yallaɓai. Manja ya sa ta yi ja." Ta faɗa da sauri, kamar wadda aka ba hadda.

"An ce wa baƙi Mai-Wuya ce."

"Baƙi ai komi aka ce musu sai su gyaɗa kai."

Jelani ya zaga ajin a hankali. A bangon baya yara sun yi zanen taswirar kogin Rima a kan babban kwali, sun shafa ƙaro sun manna ƙaiƙayi a kan layin kogin. Ƙaiƙayin baƙi ne wuluk, kowanne da dogon gashi. Ya ciro na aljihunsa ya kara kusa da su.

"Malama, wace kasuwa ake sai da wannan?"

Husainatu ta zauna a kan bencin yara.

"Wallahi ban san Mai-Wuyar gaske aka dafa ba sai da ƙaiƙayin ya zo. Ni na roƙa a kawo min shi don aikin hannu. Da na buɗe buhun na gan shi, sai da na ji jiri. Na tambaya aka ce girbin bara ne. Jiya da dare aka aiko min cewa in wani ya tambaya in ce ta kasuwa ce."

"Wa ya aiko?"

Ta kau da kai, sai Jelani ya sauya tambaya.

"To wa ta turara shinkafar?"

"Inna Habi mai gumi, mai turara shinkafa ta bayan masallacin Juma'a."

Jelani ya kama hanya tare da Halliru, yana tuna baya. A ciwon da ya ɗauke matarsa Hauwa'u, abu ɗaya ta roƙa, tuwon Mai-Wuya irin na gidansu. Ya bi kasuwar Rabah da ta Goronyo, har garin Rara ya je, bai samu ko tafin hannu ba. Ya san akwai randa a gidan tarihi, amma bai tambaya ba, domin iri ba a ci. Ashe wasu sun ci, har da ƙari, har an tafa musu.

Inna Habi ta fito zaure tana goge hannu da zani. Aikinta ke nan tun tana amarya: a kawo mata shanshera, shinkafar da ba a cire wa ƙaiƙayi ba, ta jiƙa, ta turara, ta shanya, ta surfa.

"Baƙar shinkafa? Ƙwarai. Malam Sodangi da kainai ya kawo ta cikin but ɗin mota. Nan zaure yat tsaya, inda kake tsaye, aka shigo man da buhu. Na ce ikon Allah, ashe ana samun wagga har yanzu. Ta wahalshe ni, gashinta duk ya soke man hannu."

"Inna, duka kika turara?"

"Duka nashi."

"Nashi?"

Ta dube shi kamar ya tambaye ta ko rana na faɗuwa yamma. "Kai ɗan wane gari ne? Mai gumi ai tana ɗibar kwanonta daga ɗanye kamin ruwa ya taɓa. Haka uwata ta yi, haka kakata."

Jelani ya dafa bangon zaure. "Ina kwanon naki?"

"Kayya, kada ka tuna man. Na aje ta ina jiran ɗiyata ta zo daga Goronyo mu ci tare. Ran Alhamis na jiƙa ta, sai ga rasuwa maƙwabta, munka zauna makoki, ban hura wuta ba. Yau na duba ta ɓaci. Yanzu nike shirin watsa ma kaji."

"Kada ki watsa!"

Ihun ya sa kajin kansu suka tarwatse. Habi ta shiga ciki tana mita, ta fito da ƙwarya lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Jelani ya ɗaga buhun. Kowace baƙar tsaba ta fasa baki, ta fito da ɗan farin tsiro kamar haƙorin jariri.

Halliru ya ce, "Innalillahi. Yallaɓai, da mun tsaya sallar la'asar a hanya fa?"

Suka biya caji ofis suka ɗauki Yusha'u. Aka nuna wa tsohon ƙwaryar. Ya zauna a ƙasa ya rungume ta.

Sun iske Sodangi a tsakar gidan tarihi, ya mayar da hularsa, yana yi wa ma'aikata jawabi kan yadda amana ta ƙare a ƙasar nan. Jelani ya ja shi ofis.

"Malam, ka ce jiya randa na cike."

"Haka na ce."

"Zanzaro ya ce wata biyu ke nan tana wofi. Ya yi gida a ciki, har ya aurar da 'ya'ya."

"Yallaɓai, ƙwaro za ka kai kotu?"

"A'a. Zan kai Malama Husainatu da taswirar yaranta. Zan kai Inna Habi. Shigo, Baba."

Yusha'u ya shigo ya ɗora ƙwaryar a kan tebur, ya janye buhun. Sodangi ya leƙa. Jini ya bar fuskarsa.

"Wannan daga ina? Ai duka na…" Sai ya kama bakinsa.

"Duka ka kai," in ji Jelani. "Amma a zaure ka tsaya. Ka rubuta tarihin shinkafar nan tun daga zamanin jihadi, ba ka taɓa shiga inda ake turara ta ba."

Sodangi ya cire hular da kansa ya ajiye kusa da ƙwaryar.

"Na riga na gaya ma mutanen Sakkwato mun girbe," ya ce a hankali. "Tun kamin tsuntsaye su sauka na gaya musu. Sai sunka ce za su zo su ɗanɗana, su da ɗiyan makaranta. In ce musu mi? In ce jikan Alƙali Atika ya kasa tsare gona guda? Da sun ruhe gidan ga. Na ce zan ɗibi kaɗan. Sai aka ce makarantu uku za su zo. Na ƙara. Da na ga gindin randa sai na ce to, a gama."

"Ka san ba ta ko'ina kuma?"

"Na fi kowa sani."

"Kuma da mai iri ya zo neman abinsa, sai ka ɓalle kwaɗo ka kawo mana sunansa."

"Na ɗauka za ku tsare shi kwana kaɗan ku sake shi. Tsoho ne, ba a kai shi nesa."

Yusha'u ya dube shi, ba fushi a fuskarsa sai mamaki. "Malam, ta yi daɗi dai?"

Halliru ya sa wa Sodangi ankwa, ma'aikata suna tsaye a ƙofa baki buɗe, ba wanda ya tuna da jawabin amana.

Mota ɗaya ofishin ke da ita, kuma tsiron da ya fasa baki ba ya jiran kotu. Jelani ya ce a fara sauke Sodangi a caji ofis, daga nan a wuce tafkin Lahodu kafin rana ta faɗi. Gabas ta riga ta yi baƙi da hadari.

Aka sa Sodangi a baya. Yusha'u ya zo hawa, ƙwarya a hannu, ƙafarsa ta kasa kai matakin. Sodangi ya miƙo hannayensa biyu cikin ankwa.

"Kawo in riƙa maka, Baba, ka hau."

Tsohon ya janye ƙwaryar zuwa ƙirjinsa.

"A'a, Malam. Ka riƙa sau ɗaya."

Ya miƙa wa Jelani.