Marin Malachy Dunne

Enoch Tarbuck ya je gonar Mista Haddow ne don ya buga wa dawakai biyu takalmin ƙarfe, aikin da bai kai rabin yini ba. Da ya gama sai aka kawo masa garma. Bayan garma aka kawo tukunyar da hannunta ya cire. Kafin ya ɗago kai, rana ta rataya a kan itatuwan turare.

"Yallaɓai, ƙararrawa," in ji shi, yana tura guduma da kurfin yankan ƙarfe cikin jaka.

"Ƙararrawa ba ta gudu."

"Ita ba ta gudu, yallaɓai. Ni ne zan yi gudun."

Haddow ya yi dariya. "Ku masu takarda kun fi gwamna uzuri. Ran da kake satar agwagin mutane a Ingila, wace ƙararrawa ce ta tsayar da kai?"

"Agwagwa ɗaya ce, yallaɓai."

"Ɗaya aka kama ka da ita dai. Je ka."

Haddow da ƙafarsa ya zo ƙasar, aka yanka masa gona. Enoch kuwa a ƙasan jirgi aka kawo shi, da hukuncin shekara goma sha huɗu. Sai da ya yi shekara tara yana ƙira wa gwamnati kafin aka ba shi takardar sassauci, wadda ta yarje masa ya buɗe maƙerarsa, ya zauna ɗaki ɗaya da matarsa Keziah. Sharaɗin bai da yawa: ya kasance cikin gari kafin ƙararrawar faɗuwar rana ta yi shiru. Latti sau ɗaya ya isa a karɓe takardar. Haddow ya san haka sarai, kuma ya riƙe shi a kan hannun tukunya.

Mil huɗu ne zuwa gari, ta sabuwar hanyar da fursunoni suka sara cikin dutse. Ayarinsu ya yi gaba tun wata guda, ya bar bukkoki babu kowa da tarin toka. Enoch ya kama tafiya da sauri, jakar tana dukan kwiɓinsa. Ƙamshin ganyen turare ya cika ko'ina, a ƙarƙashinsa kuma akwai warin jiƙaƙƙen dutse. Tsuntsayen nan masu ƙyaƙyata dariya da yamma suna ta yi a bisa rassa.

Wata uku ke nan ba ya son hanyar nan. Ko da rana ya bi ta, sai ya riƙa waige.

A mil na biyu tsuntsayen suka yi shiru gaba ɗaya.

Sai ya ji ƙarfe.

Taku ɗaya, sannan ƙarar sarƙa a kan tsakuwa. Wani takun, sannan sarƙa. Maƙeri ba ya ɓata wannan sauti. Marin ƙafa ne, irin mai nauyi na hukunci. Amma duk fursunan da ke sanye da mari yakan ɗaure tsakiyar sarƙar da igiya a ƙugunsa don kada ta ja ƙasa. Wannan tana jan ƙasa.

Ya waiga. Hanya ce kawai, da inuwar itatuwa.

Ya ƙara sauri. Sautin bai ƙara ba, kuma bai yi nisa ba. Ya tsaya, sautin ya ci gaba, a hankali, har ya zo daidai da shi. Wani sanyi ya shafi gefen fuskarsa. Sautin ya wuce shi ya yi gaba, ya sha kwana.

Babu wata hanya. Hagu dutse, dama kwari.

A bayan kwanar akwai wani faffaɗan dutse da Enoch yakan mayar uwar maƙera in an kira shi aiki wurin ayarin. Mutum yana zaune a kansa, cikin tufafin gwamnati, rabi ruwan ɗorawa rabi baƙi. Kansa a sunkuye. Ya miƙo ƙafafunsa biyu gaba, diddige a kan dutse, yadda fursuna yake yi in ranar cire marinsa ta zo.

"Maƙeri," in ji shi. Muryar ƙasa ƙasa take, da tari a cikinta.

Abin da Enoch ya saba faɗa shi ne ya fito. "Ba takarda, ba aiki."

"An kawo maka takarda. Sha ɗaya ga Mayu."

"Na yi wannan aikin."

"Wa ka kira?"

"Malachy Dunne."

"Na wane jirgi?"

Enoch ya dubi ƙafafun da ke kan dutsen.

A ƙasar nan suna kaɗai bai isa ya nuna mutum ba. Sai an haɗa da sunan jirgin da ya kawo shi, don sunaye suna maimaituwa. Ƙa'ida ce da kowane akawu ya sani, kowane maƙeri ya sani. A ayarin akwai Malachy Dunne biyu: saurayi na jirgin Lady Corwen, da dattijo mai tari na jirgin Thorncliffe, wanda ya cika wata goma sha biyunsa na mari cif. Akawu ya rubuta suna, ya bar gurbin jirgi babu komai. Ranar ana ruwa. Enoch ya kira suna, saurayin ya yi wuf ya zauna, shi kuma bai tambaya ba. Dattijon yana can ramin fasa dutse bai ji kira ba.

Kwana goma sha tara bayan haka gyambon idon sawu ya kashe shi. Da mari aka binne shi a gefen hanya, saboda littafi ya ce an cire, kuma babu mai ikon rubuta umarnin cire abin da aka riga aka cire. Labarin ya iske Enoch a maƙera. Ya ci gaba da zuga wutarsa, bai gaya wa kowa ba, har Keziah.

Ya dubi yamma. Saura kamar faɗin hannu rana ta nutse. In ya ruga yanzu zai isa.

"Ka bari sai gobe," ya ce cikin raɗa. "Wallahi gobe da sassafe."

"Na cika nawa, maƙeri."

"Ina da mata. Za su karɓe takardata."

"Na cika nawa."

Enoch ya durƙusa. Shi kansa bai san lokacin da jakar ta buɗe ba.

Warin sabon kabari ne, ƙasa jiƙa da ruɓaɓɓen tsumma. Ya kama marin hagu. Sanyinsa ya ƙona masa yatsu. Zoben yana yawo, don abin da ke cikinsa bai fi kaurin sanda ba. Bai ɗaga ido ba. Ya lalubi kan ƙusar, ya ji yadda aka dake ta, gefe ɗaya ya fi kwanciya. Bugun hannunsa ne.

Ya ɗora kurfi. Ya buga.

Ƙarar ta faɗa kwari, ba ta dawo ba.

Ya sake bugawa. Uku. Huɗu. Numfashi mai sanyi yana sauka a ƙeyarsa.

A na bakwai ƙusar ta tsinke, zoben ya buɗe ya faɗi a kan dutse. Mutumin ya sauke ajiyar zuciya mai tsawo, har ganyen da ke ƙasa suka motsa.

Can nesa, ƙararrawa ta fara.

Enoch ya miƙe.

Hannu ya cafke wuyan hannunsa. Yatsu biyar, kamar awartaki.

"Ɗayar fa?"

Ya fizge. Fata ta saɓule. Ya bar guduma, ya bar kurfi, ya ruga.

Da farko bai ji komai a bayansa ba sai nasa numfashi.

Sannan ya ji.

Ba taku da jan sarƙa ba ne yanzu. Ƙafa ɗaya ta sami sakewa. Gudu ake yi, buɗaɗɗen zoben yana tsalle yana dukan duwatsu.

Yana matsowa.

Ya faɗi, ya tashi. Bakinsa ya cika da jini. Ga gada. Ga hayaƙin gidajen farko. Wani abu ya taɓa bayan rigarsa.

Katakon gada ya amsa a ƙarƙashin ƙafarsa, sautin ya tsaya a wancan gefe.

Ƙararrawar ma ta tsaya, tun kafin ya kai gadar. Ɗan sanda yana jingine da ƙarfen gefe yana cika lofensa da taba.

"Tarbuck," in ji shi. "Wa ya biyo ka, mijin wata?"

Washegari a gaban majistare Enoch ya faɗi komai, da kwanan wata da sunayen jirage biyu. Ya nuna shatin yatsun da ke hannunsa. Ya roƙa a tona gefen hanya a duba, a gyara layi ɗaya a littafi.

Majistare ya sa aka kawo littafin, ya bi da yatsa. "Malachy Dunne. An cire mari, sha ɗaya ga Mayu. Ga alamar hannunka."

"Ranka ya daɗe, ba shi ba ne."

"Littafi ne ya yi ƙarya, ko kai?"

Ba a kira akawun da ya bar gurbin ba. Ba a kira Haddow ba. Ba a tona komai ba. Abu ɗaya kawai aka samu tabbatacce, wato latti, kuma a kansa aka yi hukunci cikin abin da bai kai minti goma ba. Aka karɓe takardar, aka rufe maƙerar, aka buga masa mari a ƙafa na wata shida, aka tura shi ayarin hanya.

Lahadi ta uku aka bar Keziah ta gan shi. Ta zo da yamma, da burodin da aka gasa a toka, a ɗaure cikin gyale. Ta same shi zaune a ƙarshen layi, ya rame, idanunsa sun faɗa. Sauran fursunoni sun bar fili mai faɗi a gefensa na dama, babu mai zama a wurin.

"Ka ga yadda ka koma," in ji ta. "Ba ka barci ne?"

"Keziah, Lahadi mai zuwa ki sa kurfi cikin burodin."

Ta dubi gandiroba, ta rage murya. "Ka haukace? In aka kama ni, aske min kai za su yi su kulle ni. In ka tsere kuma, igiya ce. Wata shida ne kawai, Enoch."

"Ba tserewa zan yi ba."

"To me za ka yanke da shi?"

Ya juya ido zuwa damansa.

Ta bi kallonsa. Babu kowa a wurin. Amma a cikin ƙurar akwai gurbin diddige guda, an danna shi sosai, kuma tana kallo ya matso kusa da gwiwar mijinta.

Keziah ta naɗe gyalenta a hankali.

"Kurfin, babba ko ƙarami?" ta ce.