Kwalaben Ruwan Rijiya

Ranar ƙarshe ce ga ɗaliban jami'a uku da suka yi zangon karatu guda suna koyon aiki a ofishin ɗan majalisa. Da safe sakatariya ta buɗe firij, sai ta ɗora hannu a ka. Kwalaben ruwan rijiyar da mutanen wani ƙauye suka kawo, shaidar gubar da kamfanin jima ke zuba musu, duk an ɓalle hatiminsu, an cika su da tsabtataccen ruwa. Da rana kwamiti zai zauna a kansu.

Wata sufeton 'yan sanda ta iso, mace marar yawan magana. Ba a fasa ƙofa ba. Ta duba lungu da saƙo, ta tsaya kan tukunyar fure a bakin taga. Ganyen ya yi yaushi, ƙasar na warin jima. Nan aka juye ruwan.

"Ina banɗakinku?" ta tambayi sakatariya.

"Ga shi, kullum a kulle. Ni da Oga ɗan majalisa ke da makulli. Ɗaliban sai sun sauka ƙasa."

Sufeto ta cire ta daga zargi. Mai makullin banɗaki ba zai shayar da fure guba ba.

Ta kira ɗaliban ɗaya bayan ɗaya. Doguwa ta ce jiya a tasha ta wuni tana nema musu motar komawa makaranta, direban kuma ya shaida ta waya. Mai Gilashi yana bayan Oga riƙe da jaka a wajen taro, ga hotuna. Saura Auta, wanda tun shigowarsa hannuwansa ke cikin aljihu.

"Ƙanena, fito da hannunka."

Ya fito da su. Tsakanin yatsun ya yi ja, duk ƙuraje.

"Sabulu ne, ranki ya daɗe."

"Sabulun da ya kashe fure? Ka ji tsoron sauka da kwalabe a gan ka, ka juye a tukunya, ya fantsamar maka. Wa ya sa ka?"

"Oga. Ya ce kamfanin zai ɗauke ni aiki."

"Ka san mutanen da ke shan ruwan nan?"

"Ƙauyenmu ne. Innata ma shi take sha." Ya mayar da hannuwansa aljihu. "Wata huɗu ina ɗauko musu shayi, na ga yadda ake binne koke. Ko da kwalaben, ba abin da za a yi. Na ce in na samu aiki, sai in ɗauko ta daga can."

Ana haka Oga ya shigo yana ƙamshin turare. Ya saurara, ya girgiza kai.

"Yaran zamani! Ni ko sunansa ban riƙe ba. Sufeto, ki yi aikinki."

Ta san ba ta da abin kama shi. Maganar ɗalibi ce kawai, bakin rijiya kuwa ba wurin wasan makaho ba ne. Ta riƙe Auta a gwiwar hannu, ba ta sa masa ankwa ba.

A ƙasa mutanen ƙauyen na zaune a jere, sun ci ado da mafi kyawun tufafinsu, suna jiran a kira su.

"Don Allah, Yaya," in ji Auta, "kada ki bi da ni ta gabansu. Kawuna na cikinsu."

Sufeto ta duba hagu da dama. Matakala ɗaya ce a ginin.