Yatsan da Ya Ƙi Lanƙwasa

Hannu biyu cikin baho, sabulu da bilic suna cin fatarta kamar wuta, haka kowace safiya take iske marainiyar nan. Tun rasuwar iyayenta baffanta ya ɗauko ta, shi kuwa direban babbar mota ne, ganinsa a gida sai jefi-jefi. Matarsa ta buɗe sana'ar wanki da hannun 'yar mutane, har sunan yarinya ya ɓace, kowa sai 'Yar Baho! Ƙaramin yatsanta na hagu a sandare yake tun ranar da matar ta maka masa dutsen guga saboda ƙonewar riga. Bai ƙara lanƙwasa ba, ko tana saɓar kaya shi yana tsaye a sama. Wannan wace irin mugunta ce, jama'a?

Duk da haka Allah ya ba ta kai. Ta ci jarrabawa, wata jami'a a ƙasar waje ta ɗauke ta karatu kyauta. Ta yi fasfo, ta karɓo shaidar makaranta, ta je asibiti aka ɗauki hoton ƙirjinta, saura abu ɗaya a ba ta biza kafin a rufe karɓar ɗalibai: ɗaukar zanen yatsu.

A ofishin biza, ma'aikaciya mai tabarau ta ce ta ɗora yatsunta kan gilashin na'ura. Jan haske ya kawo, alamar ba ta kama ba. Aka goge, aka sake... ja! Matar ta juya tafin hannun, ta duba.

"'Yata, me ya cinye miki zanen yatsu haka? Sumul suke kamar bayan cokali."

"Wanki ne, Hajiya," ta ce, hawaye na zuba kan gilashin.

"Ɗaya kaɗai na'urar ta kama. Je ki huta wa hannun nan, ki riƙa shafa mai, ki dawo kafin a rufe."

Hutu? A wane gida! Da matar Baffa ta ji, sai ta shiga unguwa tana tattaro barguna da labulaye, ta ƙara bilic a ruwa da hannunta.

"Mama, don girman Allah ki ɗaga mini kwana kaɗan," yarinya ta durƙusa tana kuka. "In na dawo daga karatu, wallahi har abin da ya fi wanki zan yi miki."

"Ke da jirgi? Ko bahon za ki tafi da shi? Tashi ki ba ni wuri!"

Ashe akwai abin da ta ƙulla. Tana da 'yarta, 'Yar Lele, wadda ba ta taɓa wanke ko cokali ba, kuma da yake jini ɗaya ne, kamarsu da marainiya har baƙo yakan rikice. Ta ƙwace fasfo, ta ce 'Yar Lele ce za ta je ta ba da yatsu, ta hau jirgi a madadin marainiya. "Ai na'ura yatsu take so, ga masu kyau nan." Ranar tafiya ofis suka tasa 'Yar Baho a gaba, tana riƙe musu jaka, tana koya wa 'Yar Lele sunan jami'a da fannin karatu. Aka bar ta a bakin ƙofa cikin rana. Ta ɗaga hannayenta da suka tsattsage ta ce, "Ya Allah, Kai ka san waɗannan hannuwa... ba ni da kowa sai Kai."

Ba a daɗe ba mai gadi ya leƙo. "Ke mai jaka, ana kiranki."

Ta shiga ta tarar da 'Yar Lele tana zufa, uwarta na ta rantse-rantse. Mai tabarau ta miƙe tsaye.

"Na ce ta lanƙwasa ƙaramin yatsanta, ta lanƙwasa kamar roba. Yarinyar da na gani kwanaki, nata a sandare yake, shi kaɗai wanki bai cinye ba, kuma shi kaɗai ke ajiye a na'urar nan. Zo, 'yata, ɗora shi."

Ta ɗora yatsan nan da aka karya mata. Kore ya kawo!

"Wallahi ruɗewa muka yi, Hajiya, ai duk 'ya'yana ne..." in ji matar Baffa.

"'Ya'yanki? Ɗaya hannu kamar auduga, ɗaya kamar bawon itace? Ki ji tsoron Allah!"

'Yar Lele ta fashe da kuka. "Ni dama na ce miki ba zan iya ba, Mama, ke kika ce duk ba sa bambance fuska!"

Nan take aka kira 'yan sanda, aka fita da uwa da 'ya a gaban layin ɗalibai, kowa na nuna su. Da Baffa ya dawo ya ji, ya kama hannayen marainiya ya daɗe yana kallo, ya yi kuka irin na manya. "Amanar ɗan'uwana na bari aka jiƙa a bilic," ya ce. Matar kuwa da ta fito daga hannun hukuma, ƙullin kayanta ta tarar a ƙofar gida.

Likita ya rubuta shaidar halin da yatsun suke ciki, ofis ya karɓa, biza ta fito ana gab da rufewa. Ranar tafiya Baffa ya raka ta filin jirgi da kansa. Ta juyo daga bakin ƙofar shiga, fuska jiƙe da hawaye, ta ɗaga masa hannun hagu, ƙaramin yatsan nan yana tsaye ƙyam sama da sauran.