Tagar da Magini Ya Toshe

Ranar da suka cika kwana uku a sabon gida, matar magini tana zaune a tsakar gida tana yanka albasa, 'yarta Auta kuma tana kwashe shanya. Rana ta yi ja ta sauka bayan katanga. Maigidan bai dawo daga wurin aiki ba. Ba ka jin komai sai ɗigon famfo a cikin bokiti. Sai wata tsakuwa ta zo ta bugi bangon ɗakin baya, ta gangaro har gaban ƙafarta.

Ta dube ta, ta ci gaba da yankanta. Yaran maƙwabta ne, ta ce a ranta. Ta biyu ta faɗo, ta uku ta biyo, duk a wuri ɗaya, daidai inda sabon siminti bai gama bushewa ba. Auta ta leƙa waje ta dawo tana rungume da kayan shanyar.

"Mama, babu kowa a layin fa. Ko kare babu."

"Shiga da kayan," in ji uwar.

Shekara goma sha ɗaya suka yi suna neman gida, sun tashi sau tara. Mijin ya gina wa mutane gidajen da shi kansa bai san iyakarsu ba, har abokan aikinsa suna tsokanarsa wai ya gama rufa wa duniya asiri ya manta da kansa. Shekara biyun ƙarshe a ɗaki ɗaya suka yi su a gidan yayanta. Ba wanda ya taɓa gaya mata baƙar magana a can, amma ta koyi tafiya ba ƙarar takalmi, ta koyi yin tari a cikin filo. Duk wanda ta kai wa kuka sai ya ce lokaci ne, Allah bai kawo ba tukuna. Ta ji maganar har ta daina shiga kunnenta, tana amsa ta kamar yadda ake amsa sannu. Wani abu ya bushe a cikinta. Ranar da mijin ya ɗora mata makulli a tafin hannu yana rawar murya, ba ta yi kuka ba, ba ta yi dariya ba. Ta ce, "To, madalla," ta jefa shi a jaka.

Har yanzu kayanta suna jere a falo, kwali bakwai, kowanne a ɗaure da shuɗiyar igiya, irin ɗaurin wadda ta saba. Tukunya ɗaya ta fitar, da faranti uku, da kofi ɗaya da suke sha su ukun. In mijin ya ce ta kwance, sai ta ce, "Bari mu gani."

Tsohuwar da ta sayar musu da gidan ta bar musu sharaɗi ɗaya, ranar da ɗanta ya zo ɗaukarta. Ta ce, "Ku shiga, gidanku ne halak malak. Amma 'yar tagar nan ta ɗakin baya, ku bar ta a buɗe kwana goma sha biyu. Akwai masu haɗa kaya." Magini ya ce to, ya ɗauka tsufa ne. Tagar ba ta da ƙyaure ba ta da gilashi, rami ne kawai a bango, daidai tsayin kan mutum. Daren farko aka yi ruwa da iska ya feso ta nan ya jiƙa daɓe. Gari na wayewa, bayan ya gama karin kumallo, ya kwaɓa siminti.

"Ni da nake toshe ramin mutane, a ce na kwana da rami a gidana? Kwana goma sha biyun me?"

Bulo huɗu ya ci. Shi kuwa yana da wata ɗabi'a da ya gada wurin wanda ya koya masa aiki: shekara talatin bai taɓa ɗora bulo bai yi bisimilla a kansa ba. Haka ya yi wa huɗun nan ɗaya bayan ɗaya, ya shafe, ya ja baya yana kallon aikinsa. Matar ta tuna maganar tsohuwa sarai, amma ta yi shiru. Ta daɗe da barin sa baki a sha'anin bangon gida.

Daga ranar da tsakuwar farko ta faɗo, jifa bai sake fashi ba. Da rana lafiya lau. Da zarar haske ya fara mutuwa sai tsakuwa ta soma, a hankali, ba gaggawa, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar da ya san ba za a buɗe ba. Kwana na biyar murya ta ƙaru. Muryar mace ce, ta dishe, tana kiran wasu sunaye biyu da bakin mutum ba zai iya maimaitawa ba. Magini ya zagaya gidan da tocila bai ga kowa ba. Matar ba ta tashi daga inda take ba. Ba ta san sunayen ba, amma ta san kiran. Haka uwa take kira in magariba ta yi yaranta ba su shigo ba. Daga cikin ɗakin baya kuwa, inda babu ko tsinke, wani siririn kuka yana amsawa.

Washegari da yamma ta tarar da Auta tsaye a bayan ɗakin, ta ɗaga hannu tana kankare simintin da farce. Yarinya 'yar shekara goma sha huɗu, mai surutu kamar rediyo, ta juyo ta kalli uwarta da idon wadda ba ta taɓa ganinta ba. Yatsunta duk jini.

Ta daina ci, ta daina magana. Ma'aikaciyar jinya da ke layin ta zo ta auna ta ciki da waje, ta ce ita dai ba ta ga ciwo ba. Uwar ta wanke yatsun ta naɗe su da tsumma, tana jiran tsoro ya zo mata, bai zo ba. Ta ji kunyar kanta. 'Yarta tana ramewa a gabanta, ita kuwa zuciyarta kamar ƙafar da aka daɗe a zaune a kanta.

"Mu koma gidan Yaya," ta ce wa mijin. "Ai kayan a ɗaure suke."

Suka gwada. A bakin ƙofa yarinyar ta yi nauyi, maza uku suka kasa ɗaga ta. Gidan da suka shekara goma sha ɗaya suna neman shiga, yanzu fita ta gagara.

Kwana na tara magini ya zo da wani malami a bayan babur. Dattijo ne gajere, ƙafar tabaraunsa ɗaya a ɗaure da zare. Abin da ya fara nema kujera ce, ya ce gwiwoyinsa sun riga shi tsufa. Aka zaunar da Auta a kan tabarma a tsakar gida. Rana tana faɗuwa. Ya ɗora hannu a kanta ya fara karatu, a hankali, ba tsawa ba bulala. Tsakuwa ta faɗo sau biyu ta tsaya. Can sai yarinyar ta sandare, ta ɗago kai, muryar nan disasshiya ta fito daga bakinta.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni a banza."

"Wace ce ke?"

"Mazauniyar gidan nan ce kafin su."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba. Ubanta ya rufe mini biyu, na riƙe masa ɗaya."

Magini ya zame ya zauna a ƙasa. Malam ya ce ta yi bayani yadda kowa zai gane.

"Shekara arba'in ina raɓe a ɗakin nan. Tsohuwa ta san da ni, ba ta taɓa ni ba, ban taɓa ta ba, amma ba gidana ba ne. Shekara arba'in ina neman wurin da zan ce nawa. Bana Allah ya buɗe mini, na samu, aka yanka mini ranar shiga. Na fita da safe in share wurin, na bar 'ya'yana biyu a ciki. Na dawo da yamma na tarar da bango. Da bango ne kawai da na ratsa. Amma kowane bulo da sunan Allah a kansa. Ni ba na shiga, su ba sa fita."

"Wallahi ban sani ba," in ji magini. "Ruwa ne ya shigo..."

"Ruwa!" Ta juya kan yarinyar ta dube shi. "Ka yi haƙurin shekara goma sha ɗaya, na kwana goma sha biyu ya gagare ka."

Malam ya gyara tabarau. "Ya yi kuskure, ke kuma kin yi zalunci. In kina tsoron sunan da ke kan bulo, ki ji tsoron Mai sunan. Za a buɗe. Ki saki yarinya tukuna."

"A buɗe tukuna."

"Za a cire biyu ki ji muryarsu, ki rantse za ki fita, sannan a cire sauran. Kuma ba jifa, ba dawowa jikin kowa a gidan nan."

"Na yarda."

"In kin kwashe su sai ki tafi sabon wurin naki."

"Babu shi. Kwana bakwai ina bakin bangon nan ban koma ba, wasu sun shige. Wuri ba ya jiran mutum, Malam."

Matar magini tana tsaye a jikin ƙofar falo tun ɗazu. Ba ta shirya yin magana ba, ta ji bakinta ya buɗe da kansa.

"Baiwar Allah, to ina za ki da su?"

"Nema."

"Ki zauna a ɗakin. Ba mu sa komai a ciki ba. Ki zauna har ki samu."

Malam ya ɗaga mata hannu yana gargaɗi, amma muryar ta riga ta amsa, ta yi laushi kaɗan.

"Ke kin ji daɗin zaman gidan yayanki? Na ga kwalayenki. Mace ba ta yin irin wannan ɗaurin sai ta sha tashi. Na gode, 'yar'uwa, amma na gaji da raɓe. Wanda ya ba ni wancan bai manta da ni ba. Ba rabona ba ne, shi ya sa. Nawa yana nan, ranarsa ce ba ta zo ba."

Maganar da aka yi ta gaya mata ce shekara goma sha ɗaya. Amma duk masu faɗinta suna faɗi ne su koma ɗakunansu su ja ƙofa. Yau ta ji ta daga bakin wadda za ta fita da yara biyu ba ta san inda za su kwana ba, kuma ita da mijinta ne sanadi. Maganar ta shige ta har ciki, ta yi mata ciwo.

Magini ya ɗauko guduma da kurfi. Aikinsa ne, ya yi shi da kyau, don haka ya sha wuya kafin bulo na farko ya motsa. Da na biyu ya faɗi sai siririn kukan nan ya fito fili. Jikin Auta ya yi wata irin girgiza, hawaye suka zubo mata. Muryar ta yi rantsuwa sau uku kamar yadda Malam ya faɗa mata. Magini ya cire sauran biyun. Wata iska mai sanyi ta fito ta ramin, ƙasa-ƙasa, ta kaɗa gefen zanen matar magini, ta bi ta kan katanga. Auta ta yi atishawa ta sulale a kan tabarma.

Ɗigon famfo ya dawo kunne. Daga nesa aka fara kiran salla.

"Mama." Muryar Auta ce, tata ta gaske, a shaƙe. "Ƙishi nake ji."

Uwar ta juya neman kofi, ta ga ɗayan da suke da shi yana hannun Malam, cike da ruwan addu'a. Ta shiga falo ta durƙusa gaban kwalin farko. Ƙullin ya ƙi kwantuwa, shekara biyu yana ɗaure. Ta ɗauki wuƙa, ta ajiye, ta sa haƙori har ya saki. Ta zaro kofi daga cikin tsohuwar jarida, ta tara a famfo, ta tallafo kan 'yarta ta ba ta. Tana kallon maƙogwaron yarinyar yana motsi. Sai tsoron duk kwanakin nan ya zo mata gaba ɗaya, ta rungume Auta ta fashe da kukan da ta manta yadda ake yinsa.

Bayan sun raka Malam, magini ya tsaya yana kallon ramin da tarkacen bulo a ƙasa. Ya ce, "Zan sa mata ƙyaure."

"Ba yanzu ba," in ji matar.

Ta koma falo ta kwance sauran kwalaye shida, ɗaya bayan ɗaya, ba ta yanke ko guda ba. Ta haɗa igiyoyin ta naɗe su da kyau a gwiwar hannu, ta kai ta ɗora a bakin tagar. Mai yawo da yara da kaya ba ta rasa buƙatar igiya, wannan ita ta fi kowa sani.

Da gari ya waye ta je ta duba. Igiyar ba ta nan.