Agogon Juliana a Hannun Ɗantsoho

"Kowa ya kwanta! Fuska a ƙasa!"

Safiyar Alhamis ce, ranar kasuwar Maigatari. Ilu, ogan tawagar, ya tare wata bas da ta taso daga Gumel, Haladu na bin fasinjoji da buhu. Na ukunsu, Ɗantsoho, an ba shi bindiga an ce ya tsaya bakin titi ya duba hanya. Aikin ba wuya. Ƙafafunsa ne dai suka ƙi ba da haɗin kai. Karkarwa yake yi, bakin bindigar na lilo, har wata tsohuwa da ke kwance ta ɗago kai ta ce, "Ɗan nan, ko zazzaɓi ne?"

Don ya ɓoye kunya sai ya daka wa wata mata tsawa. Juliana ce, ma'aikaciyar ofis a Gumel. Ya tuɓe baƙin agogon hannunta, ya zare 'yan iyafis ɗin da ke toshe a kunnuwanta.

"Agogon motsa jiki ne, malam, likita ya sa ni gudu. Ga waya, ɗauki."

Bai taɓa wayar ba. Ilu yana da doka guda: ba a zuwa aiki da waya, ba a ɗaukar ta kowa, don waya ce ke kai ɗan sanda ƙofar ɗakin mutum.

"Mu ware!" in ji Ilu.

A kangon gidan gonar da suke ɓuya, bayan Ɗanzomo, Ilu ya cakumi wuyan rigar Ɗantsoho.

"Ka ga ni da kai, baaba? In ka ƙara yi min rawa a gaban jama'a, a dajin nan zan bar ka. Kuma ba da ranka ba."

Ilu ba ya wasa da irin wannan magana, Ɗantsoho kuwa ya sani. Ya koma gindin wata ƙirya ya zauna, yana latse-latsen agogo don ya samu abin yi da hannunsa. Ya soka iyafis a kunne. Kwatsam sai ganguna suka ɓarke masa a tsakiyar ka, mata na rera waƙa da wani yare da bai taɓa ji ba. Ya duba ƙafafunsa, ya ga sun tsaya cak.

"Mene ne wannan?" in ji Ilu. "Yana da layi?"

"Babu, oga. Ba layi, ba data. Waƙoƙin a cikinsa suke."

Ilu ya jujjuya shi, bai ga ramin sim ba. "To agogo ne. Riƙe kayanka."

Alhamis ta zagayo, aka ga ikon Allah. Ɗantsoho ya tsaya a titi ƙyam, fuska a murtuke, yana gyaɗa kai a hankali. Fasinjoji suka fi jin tsoronsa a kan Ilu mai ihu. Matsalar ɗaya ce: da aka ce a ware, bai ji ba. Sai da ya waiga ya hangi ƙurar babur. Ya runtuma a guje, bindiga na dukan bayansa, kilomita guda cur kafin su tsaya masa. Agogo ya yi zir a hannunsa, ya nuna masa hoton kofin zinare.

"Oga, ka gani? Har kofi ya ba ni."

Daga ranar suka sa masa suna Soja. Sau huɗu suna fita, sau huɗu yana cin kofi. A rayuwarsa ba a taɓa yabonsa haka ba, ko a gida, don haka ya ƙaunaci agogon nan tsakani da Allah.

Ran wata Laraba ya latsa, shiru. Kowace waƙa an buga mata hoton kwaɗon kulle. Gobe kuma akwai aiki. Gwiwoyinsa suka fara gaisawa da juna tun kafin a je ko'ina. Ya ce zai je aski, ya hau babur sai Gagarawa Tasha, rumfar Anas mai cajin waya.

Anas ya duba ya yi dariya. "Ai waƙoƙin nan aro ne, yallaɓai. Manhajar tana sauke maka su ka ji ba data, amma duk kwana talatin sai ta leƙa intanet ta ga ko mai ita na nan. In jona maka da wayata? Minti biyu ne."

Ɗantsoho ya tuna dokar Ilu. Ya kuma tuna dajin da Ilu ya ce zai bar shi.

"Jona."

A daidai wannan lokaci Juliana na zaune a ofis tana cin ɗanwake, wayarta ta hau ƙara ba ƙaƙƙautawa. Saƙon taya murna ne: ta karya tarihin gudunta. Ita da rabonta da gudu wata guda! Ta buɗe. Agogon bai daina aikinsa ba, duk takun da aka yi da shi ya rubuta ya ajiye, yana jiran ranar da zai samu intanet. Ga taswira, ga jajayen layuka, kowanne ya taso daga titi ya ƙare a wuri guda bayan Ɗanzomo. Ta rufe kwanon ɗanwake ta nufi caji ofis.

Washegari rana ta ɗan ɗaga, Ilu da Haladu na shan koko a cikin kango kafin a fita aiki. Soja na gadi a waje, ganguna sun dawo, yana gyaɗa kai. Motar 'yan sanda ta zo ta tsaya a bayansa. Bai ji ba. Aka ce ya ajiye makami, har sau uku. Bai ji ba. Sai da Sufeto Siddiq ya taka ya dafa kafaɗarsa.

"Bari amshin ya wuce," in ji Ɗantsoho, bai ko waiga ba.

Tau! Tau! Haladu ya harbo ta taga, aka mayar masa, harsashi ya same shi a cinya. Ilu ya haura katanga, ya dira cikin rumbun da ba rufi, nan aka tsamo shi da ƙaiƙayi har gira.

A caji ofis Ilu ya fashe da kuka.

"Yallaɓai, ni ɗan acaɓa ne, tilasta ni ake yi. Ga oganmu nan, Soja. Ku tambayi mutane."

Aka tambayi mutane. Direbobi uku suka rantse cewa mai gyaɗa kan nan shi ne shugaba, don ba su taɓa ganin mara imani irinsa ba. Ɗantsoho ya rasa abin da zai yi, ya ji daɗi ko ya yi kuka.

Juliana ce ta miƙa wa Sufeto wayarta. "Duba ƙasan taswirar, yallaɓai. Agogon yana auna bugun zuciya. Ni ko gudu nake ba na kai ɗari da hamsin. Wannan bawan Allah yana tsaye wuri guda, tasa ɗari da saba'in take bugawa. Kowace Alhamis."

Ofis ya kwashe da dariya, har Ilu. Ɗantsoho bai yi ba. Ya ƙura wa jan layin bugun zuciyarsa ido. Ashe tsoron bai taɓa zuwa ko'ina ba, kunnensa kawai aka toshe.

Shaidar nan ce ta sauke masa sarautar da aka laƙaba masa. Haladu ya rasa ƙafa. Ilu ya sha shekarun da gemunsa zai yi fari kafin ya fito, Ɗantsoho ya samu nasa rabon, ba kaɗan ba. Ranar yanke hukunci ya tsaya gaban alƙali yana shafa shatin agogo a wuyan hannunsa, katakon da ya dafa na ƙara saboda karkarwa. Alƙali ya sauke tabarau ya dube shi.

"Malam, ko zazzaɓi ne?"

"A'a, ranka ya daɗe," in ji Ɗantsoho. "Haka nake."