Man Gyaɗa a Kwalbar Allura

Ranar Talata da hantsi Haliru, manomin albasa daga Aliero, ya faɗo ofishin 'yan sanda na Jega ko sallama babu. Ya dangwara wata 'yar kwalba a teburin Sufeto Maiwada, ya ce an kashe masa ɗa.

Sufeto ba ya son hayaniya. Ya nuna masa benci, ya ce ya faro daga farko.

Matarsa Murjanatu ta yi ɓari har sau huɗu. Da ta samu ciki na biyar, wata likita a Jega ta rubuta mata allurar furojestaron, irin sinadarin nan da jikin mace ke yi da kansa don riƙe ciki. A wancan lokacin Jihar Kebbi jaririya ce, irin wannan magani sai kudu. Haliru ya kwashe albasarsa ya sayar tun ba ta yi daraja ba, ya ba Lauwali direba, mai kai albasa Legas, kuɗin ya sayo kwalba uku. Aka yi ta allura mako shida. Sai ƙurji ya fito inda ake sokawa, zazzaɓi ya biyo baya, shekaranjiya cikin ya zube.

"Wa kake zargi?"

"Lauwali mana. Jabu yas sawo muna."

Sufeto ya fara da likitar. Ta zuƙo abin da ya rage a kwalbar, ta ɗiga masa a bayan hannu, ta ce ya shinshina. Ƙamshin ƙuli-ƙuli ya buge shi. Ta ce maganin gaskiya shi ma mai ne, launinsu ɗaya, amma ba ya ƙamshi. Sannan ta nuna masa robar bakin kwalbar: cikin ƙananan hudojin allura akwai wata babba, ta allura mai kauri. Kwalba ta gaske ce, wani ne ya tsotse maganin ya ɗura man gyaɗa.

Ya tambaye ta ko da maganin ne da cikin ya tsaya.

"Wannan sai Allah, Sufeto. Ba kowane ciki yake riƙewa ba. Amma an hana ta ko gwadawa."

A tashar Jega ya tarar da Lauwali ƙarƙashin mota. Ya fito yana rantse-rantse tun ba a tambaye shi ba, ya miƙo rasit, ya ce hannu da hannu ya ba Haliru saƙon.

"Haliru ya ce ranar yana fadama," in ji Sufeto.

Lauwali ya sosa ƙeya. Gaskiya dai sauri yake yi, in ji shi, ga shi ba a shiga gidan matan aure. A zaure ya ci karo da Kyauta, ƙawar Murjanatu, ya damƙa mata. Ya ɓoye ne don an ce masa kada ya ba kowa sai Haliru. Kuma bayan kwana biyu ta same shi tana tambayar tsadar maganin, da ya faɗa mata sai ta tsaya kamar an dasa ta, ta juya ba ko sai an jima.

Da izinin Haliru, Sufeto ya shiga wurin Murjanatu tare da Kofur Hafsatu. Tana kwance, ta rame, ido ya faɗa. Ta ce Kyauta ma'aikaciya ce a ɗakin shan magani, ita ke yi mata allurar, a wurinta ma kwalaben suke kwana. Amma da ta gane inda tambayar ta dosa sai ta yunƙura ta zauna.

"Ranka ya daɗe, ka fid da Kyauta cikin wagga magana. Tare munka yi makarantar allo. Ita ma ɓari ukku gare ta. Duk wanda na yi, ita ka wanke ni."

Ya tambaya ina take yanzu. Ta ce tun da ƙurjin ya fito Kyauta ta bar musu kwalbar ƙarshe ta tafi Karaye, ta wajen Maiyama, wai mahaifiyarta ba lafiya. Ran Sufeto ya ɓaci. Ya daɗe a aikin nan, ya san ɓarawon da ya fi ciwo shi ne wanda ake wa shimfiɗa.

Washegari da safe suka isa Karaye. Tsohuwar da aka ce tana jinya suka tarar a tsakar gida, garau, tana matsar tunkuza, mai na tsiyaya a kwano. Ƙamshin da ya ji a bayan hannunsa jiya, shi ne ya cika gidan.

Kyauta ta fito tana ɗingishi. Ta zauna a tabarma a karkace, ta miƙe ƙafa ɗaya, ga gwangwanin tofar da yawu a gefenta.

"Me ya sami ƙafar?"

"Faɗuwa na yi."

"Wa ya taɓa kwalaben Murjanatu ban da ke?"

"Yadda direba yab ba ni su, haka na yi ta yi mata."

Sufeto ya yi wa Kofur Hafsatu ido, ta shiga ɗaki. Ba ta daɗe ba ta fito da wata kwalla. A cikinta, ƙarƙashin zannuwa, akwai tsofaffin kwalaben fenisilin cike da mai marar ƙamshi, da sirinji, da allura mai kauri.

"Ba faɗuwa kika yi ba," in ji Sufeto. "Cinyarki kike sokawa. Wata nawa ne?"

Kyauta ta dubi mahaifiyarta, wadda ta saki tunkuzar tana salati. Sai ta fashe da kuka.

Ciki ne wata huɗu, daidai da na Murjanatu. Ta ɓoye shi don ta gaji da jin "Allah ya mayar da alheri." Ta ce ta riƙe kwalaben nan a hannu, ta san mijinta ko shekara zai yi ba zai iya sayen ɗaya ba. Da farko rabi ta zuƙa, ta ce ai ba zai yi komai ba. Daga baya ta kwashe duka. Kullum ta soka wa ƙawarta man gyaɗa, ta shafa mata wurin, ta ce Allah ya raba lafiya, ta koma gida ta yi wa kanta na gaske.

Kai, mutum abin tsoro ne.

Suna isa ofis a Jega suka tarar da Murjanatu a kan benci, Haliru ya kasa hana ta zuwa. Ta zo ne ta yi wa ƙawarta shaida. Da ta ga kwallar a hannun kofur, ta ga Kyauta ta kasa ɗaga ido, ba sai an yi mata bayani ba. Idonta ya sauka a kan cikin Kyauta, ya daɗe a nan.

"Kwalba ukku ce, Kyauta. Da kin roƙe ni, wallahi da na raba muna."

Kyauta ta durƙusa za ta kama ƙafarta, Murjanatu ta janye. Ta juya wurin Sufeto ta tambaye shi me za a yi da ragowar maganin. Ya ce shaida ce, sai kotu.

"A kai wa likita ta duba, in shina da kyau a ci gaba da yi mata. Abin da ke cikinta bai yi min komai ba. Amma ita, ko gawata kada a bari ta wanke."

Ta dafa bango ta miƙe, Haliru ya riƙe ta suka fita. Kofur Hafsatu ta kama hannun Kyauta, ta wuce da ita ciki tana ɗingishi.